Harsunan Zangon Kumasi da Makarantunsa, Daga Zamanin Fatake Zuwa Yau

Sa'ad da Ekklesiya ta cika shekara hamsin, daidai ne a waiwayi baya a ƙidaya alherin Allah. Rabon da aka ba mu cikin wannan ɗan littafi shi ne labarin makaranta, muka ga kuwa ba shi yiwuwa a ba da labarin makaranta a Zangon Kumasi sai an ba da na harsuna tukuna. Gama yaron zango ya kan tashi da harshe uku ko huɗu a bakinsa tun bai riƙe fensir ba: na uwarsa a ɗaka, Hausa a tsakar gida da bakin titi, Twi a kasuwa, in ɗan Musulmi ne kuma ga Larabci a makarantar allo. Ran da ya shiga makarantar gwamnati sai a tarye shi da Turanci, daga baya a ɗora masa Faransanci. To, da wanne za a fara koya masa karatu? Wannan tambaya ta girmi kakanninmu. Amsoshin da aka ba ta a zamani dabam dabam, su mu ke so mu shimfiɗa a gabanku, domin mu san inda za mu sa ƙafa.

GORO DA HARSHEN FATAKE

Goro ne ya kawo Hausa ƙasar nan. Itacen goro yana son kurmi, ƙasar Tonawa kuwa, watau Asante, kurmi ce. Masu cinsa suna can arewa, a Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. Saboda haka ayari ya kan taso daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da jemammun fatu, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Bargu da Jugu da Sansanne Mango da Yandi, bayan watanni a hanya ya sauka a Salaga ta ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara a wannan fatauci. Inda madugu ya sauke ayari aka kwana, shi a ke ce wa zango, bakin mutanen ƙasar nan kuwa ya mai da kalmar “zongo”.

Ba dukan mai bin ayari ne Bahaushe ba, haka kuma masu masauki da dillalai na Salaga. Amma wanda duk ya ke son ciniki ya faɗa, tilas ya ji Hausa. Ba allo, ba malami, da kunne a ke koyonta wajen tayi da ƙidayar wuri. Mutum ya kan kama harshe da sauri in yana bukatarsa kowace safiya, kuma in akwai wanda zai amsa masa.

Sarakunan Asante sun fi so a yi cinikin a Salaga, kada baƙi su kutsa cikin kurmi. Duk da haka akwai malamai Musulmi a Kumasi tun da wuri. Cikin 1817 wani Bature mutumin Ingila, Bowdich, ya zo wurin Sarki Osei Bonsu, ya tarar da su suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu cikin Larabci. Babbansu, Muhammadu al-Gamba, wanda a ke kira Baba, yana da makaranta mai almajirai 70. Waɗansu takardun wannan zamani sun faɗa hannun mutanen Danmak, suna nan ajiye a ɗakin littattafan sarki a Kofenhagen. Thomas Birch Freeman, mai bishara na farko na Mishan ɗin Wesley da ya taka Kumasi, bai iso ba sai 1839. Ashe baƙon harshe na farko da aka koyar da alƙalami a garin nan Larabci ne.

ZANGO YA KAFU

Cikin 1874 rundunar Ingila ta ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya saki. Cikin 1892 basasa ta tashi a Salaga, kasuwa ta watse, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo har Ankara, babban birnin ƙasa. Cikin 1896 Turawa suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, cikin 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, cikin 1903 kuma jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi. Ƙofar da ta daɗe a rufe ta buɗe wa baƙi.

Sojan da Turawa suka zo da su ana kiransu Hausawa, ko da ya ke da yawansu 'yan wasu kabilu ne, domin Hausa ce harshen bariki, hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta. Bayan soja sai 'yan goro da mahauta da masu shanu. Da noman koko ya bunƙasa sai 'yan ƙwadago suka yi ta gangarowa daga arewa: Mosawa, Dagwambawa, Frafra, Kusasi, Gurunsi, Busanga, Kotokoli, Zabarmawa, Fulani. Kowace kabila da sarkinta, amma in an taru gaban Sarkin Zango, Hausa a ke yi. Unguwanni suka yi ta ƙaruwa, Yalwa, Alabar, Sabon Zango, Aboabo, Asawase, Sawaba. Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna cikin Mosawan Kumasi, ta fid da littafi a kansu cikin 1978, ta nuna cewa 'ya'yan da aka haifa a nan sun fi jin Hausa bisa harshen iyayensu. Har Tonawa sun ari kalmominmu na abinci. Shinkafa da wake ita ce ta zama “waakye”, ga koko da ƙosai da tuwon zafi, kowa a Gana ya san su.

Ban da kasuwa, akwai wani wuri da ya ƙarfafa Hausa, shi ne makarantar allo. Ya kamata mu duba aikinta da idon basira. Yaro ya kan fara da babbaƙu, ya koyi haruffa tsura, sa'an nan farfaru, ya koyi wasali, sa'an nan ya shiga biya karatu yana wanke allo yana sāke rubutu. Malam ba ya ƙara masa sai ya riƙe na jiya. Manyan almajirai su ke biya wa ƙanana. In ya sauke ya shiga makarantar ilmi, nan malam ya kan karanta Ahalari ko Iziyya ko Risala gaɓa gaɓa, ya faɗi ta Larabci, ya fassara ta da Hausa, almajiri ya maimaita. Watau Larabci shi ne abin koyo, Hausa ita ce tsanin da a ke hawa a kai gare shi. Fiye da shekara ɗari ke nan ana koyarwa da Hausa a Kumasi ta wannan hanya, ba da dokar wata gwamnati ba.

MISHAN ƊIN BASEL DA HARSHEN TWI

Yanzu mu juya wajen kudu, mu ga yadda Twi ya shiga littafi, gama shi ne harshen maƙwabtanmu, shi ne kuma harshen ƙasa da 'ya'yanmu su ke tararwa a makarantun Kumasi. Mishan ɗin Basel ya sauka a bakin teku cikin 1828. Na farkonsu zazzaɓi ya kashe su, sai Andreas Riis ya hau dutse ya zauna a Akropong cikin 1835. Shawarar da suka yanke ita ce a yi wa'azi, a kuma koyar da yara, cikin harshen da aka haife su da shi, Turanci ya biyo baya. Cikin 1848 suka buɗe makarantar horon malamai da masu bishara a Akropong.

Cikin 1853 Johann Gottlieb Christaller ya zo domin aikin harshe kaɗai. Bai yi shi shi ɗaya ba, ya zauna da 'yan ƙasa irin su David Asante da Theophilus Opoku, suna auna kowace kalma. Littafi Mai Tsarki cikin Twi ya fito 1871, nahawu 1875, tarin karin magana 3,600 cikin 1879, ƙamus 1881. Ku dubi jerin nan da kyau. Sun ba harshen haruffa, suka ba shi littattafai, suka horar da malamai masu koyar da shi. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ya rasa, aikin ba zai tsaya ba, kamar tukunya a kan murhu.

Fritz Ramseyer na wannan Mishan, Tonawa suka kama shi da matarsa cikin 1869, ya zauna a Kumasi a hannunsu har 1874. A zaman nan ya ƙware da Twi. Da ya komo cikin 1896 ya buɗe makaranta, da harshen masu garin ya yi musu magana. Majami'ar da ke Adum tana ɗauke da sunansa har wa yau. Twi na littattafan farko na mutanen Akuapem ne. Littafi Mai Tsarki cikin bakin Asante bai fito ba sai 1964.

HAUSA TA SHIGA BOKO

Hausa kuwa tana da rubutunta na ajami tun kafin Turawa, amma shigarta boko ta bi wata doguwar hanya. James Frederick Schön ya bi jirgin da ya hau Kwara cikin 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, daga bakin bayin da aka 'yanta a Saliyo ya fara koyo. Daga baya ya sami wani saurayi, Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda ya bi Barth zuwa Ingila cikin 1855. Dorugu yana ba da labari, Schön yana rubutawa. Da haka nahawu ya fito 1862, ƙamus 1876.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne rabon da ƙasar nan ta ɗauka cikin wannan aiki. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, bayan basasa ya koma Kete-Krachi, can ya rasu cikin 1934. Babban malami ne, mai waƙa da Larabci da Hausa, almajiransa sun bazu cikin zangunan ƙasar duka. Shi ya rubuta wa Adam Mischlich, Bajamushe mai mulkin Kete-Krachi, labarun ƙasar Hausa da ajami. Mischlich ya fid da ƙamus na Hausa da Jamusanci cikin 1906. Haka kuma R. S. Rattray, wanda daga baya ya yi suna wajen binciken al'adun Asante, ya sa wani Malam Shaihu ya rubuta masa tatsuniyoyi da al'adu da karin magana, aka buga su littafi biyu cikin 1913, ajamin malam a gefe guda, boko da fassara a ɗaya gefen. Turawa da dama sun koyi Hausa daga alƙalamin malaman ƙasar nan.

Amma amfanin gonar a Nijeriya aka girbe shi. Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, ana koyarwa da Hausar boko. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, shi da abokan aikinsa suka kammala Littafi Mai Tsarki, ya fito 1932. Ƙamus na Bargery ya biyo 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo 1939. Can Hausa ta sami makaranta da maɗaba'a da jarida da jarrabawa. A Gwalkwas kuwa, kamar yadda a ke kiran ƙasar nan a lokacin, an ɗauke ta harshen baƙi. Gidan rediyo ya ba ta wuri tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani, amma makaranta ba ta ba ta kujera ba. Kowane littafin Hausa da iyayenmu cikin bangaskiya suka karanta a Kumasi, daga Nijeriya aka ɗauko shi. Haka sabuwar fassara ta 1979.

DOKOKIN GWAMNATI

Gwamna Guggisberg ya shimfiɗa ka'idodin ilmi 16 cikin 1925, ɗaya daga cikinsu kuwa ita ce a koyar da Turanci, amma a kafa shi bisa harshen ƙasa. Daga nan har 1951 ana koyar da aji ɗaya zuwa uku da harshen gida. Cikin 1951 aka rage shi zuwa aji ɗaya kaɗai. A wannan shekara kuma aka kafa ofishin buga littattafai cikin harsunan ƙasa, wanda ya zama Hukumar Harsunan Gana. Da aka sami mulkin kai cikin 1957, gwamnatin Nkrumah ta mai da koyarwa Turanci tun daga ranar farko, har 1966. Daga 1967 aka komo da harshen gida a aji ɗaya, daga 1970 aka mai da shi shekara uku, aka tafi a kan haka wajen shekara 30. Cikin 2002 aka sāke komawa Turanci zalla. Ba a daɗe ba aka sāke juyawa, cikin shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010 aka fara shirin da a ke kira NALAP, yara ƙanana su fara karatu da harshen gida, Turanci yana ƙaruwa kaɗan kaɗan.

Malamin da ya yi aiki shekara 40 ya ga an juya masa doka sau da yawa, sau da yawa kuma doka ta kan riga littafi isowa. Ga abin da ya shafe mu kuma. An buga littattafan NALAP cikin harsuna 11: Twi na Akuapem, Twi na Asante, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagaare, Dagbani, Gonja da Kasem. Hausa ba ta ciki. Saboda haka ko an ce Turanci, ko an ce harshen gida, yaron Aboabo da ya tashi da Hausa ya kan fara karatu da harshen da ba shi ya ke mafarki da shi ba. In yana wasa da 'ya'yan Tonawa, Twi ba zai gagare shi ba. In kuwa gidansu da layinsu duk Hausa a ke yi, sai ya zauna a bayan aji shiru, malam ya zaci ba shi da kai.

MAKARANTUN TURANCI DA LARABCI

Shekaru masu yawa iyaye Musulmi a zango sun ƙi ba da 'ya'yansu ga makarantar boko, gama yawancin makarantun na Mishan ne, suna tsoron yaro ya bar addinin ubansa. Jama'ar Ahmadiyya sun buɗe sakandare a Kumasi cikin 1950, amma galibin 'ya'yan zango suna nan a makarantar allo. Abin da ya biyo baya ya yi ɗaci. Cikin Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fita daga ƙasa. Gidaje da rumfuna suka zama kango. Waɗanda suka rage suka gane cewa wanda ba ya karanta takardar hukuma, a hannun wani ya ke.

Daga nan malamai suka fara shigar da Turanci da lissafi cikin makarantunsu, aka sami irin waɗanda a ke kira makarantun Turanci da Larabci. Cikin 1987 gwamnati ta kafa sashen ilmin Islama a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa, ta riƙa aika musu da malamai. Cikin 2024 aka sa Larabci cikin jarrabawar gama ƙaramar sakandare ga mai so. Maƙwabtanmu sun yi wa harshen addininsu ƙoƙari har ya sami gurbi a jadawali. Wannan abin koyi ne gare mu. A waɗannan makarantu ma, in bayani ya cije, Hausa malam ya kan ɗauko ya warware shi, ko da ya ke ba a rubuta ta a jadawali ba.

ABIN DA AKA GWADA A WASU WURARE

Kada wani ya ce fara karatu da harshen gida yana hana yaro Turanci. An gwada an gani. Tun 1953 hukumar ilmi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara a fara da harshen uwa. Cikin 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokansa suka fara gwaji a Ile-Ife. Waɗansu yara aka koya musu kome da Yarabanci shekara 6, Turanci yana darasi guda a hannun ƙwararren malami, waɗansu kuwa aka bi da su tsohuwar hanya. Da aka auna, na farkon ba su kāsa ba ko a Turancin kansa, a sauran darussa kuma sun yi gaba. A Jamhuriyar Nijar aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram cikin 1973, yara suna fara karatu da Hausa, Faransanci yana shigowa daga baya.

Maganar Faransanci ta shafe mu ƙwarai. Gana tana kewaye da ƙasashe uku masu aiki da shi, Togo da Burkina Faso da Kwaddebuwa. Saboda haka Nkrumah ya kafa makarantar koyon harsuna cikin 1961, wadda ta yi reshe a Kumasi. Da wuya a sami gida a zango da ba shi da dangi a Wagadugu ko Lome ko Yamai. Yaron Batone ya kan koyi Faransanci daga allo kaɗai, namu kuwa yana da kawu mai jinsa, yana da direbobin manyan motoci da ke sauka unguwarsu. Wannan arziki ne a ƙofar gida.

ABIN DA ZA MU YI

Ba mu da ikon sāke dokar ƙasa, amma makarantar Lahadi da ajin yamma da makarantar ƙananan yara suna hannunmu. Da yawa cikinmu, Frafra ko Kusasi ko Bulsa ko mutumin Nijeriya, da Hausa muka fara jin bishara, da ita mu ke waƙa da addu'a tare. Amma ku duba cikin sujada, nawa ne cikin samarinmu za su iya tashi su karanta sura guda daga Littafin Hausa ba tuntuɓe? Suna jin harshen, ba su iya karanta shi ba. In tsofaffi suka wuce, littattafan za su koma cikin akwati. Ga shawarwarin da tarihin nan ya ba mu.

Na fari, a fara da harshen da yaro ya zo da shi. Rubutun Hausa yana da sauƙi, wasali biyar ne, kowane harafi kuma da muryarsa. A koya masa ba, be, bi, bo, bu, a haɗa gaɓoɓi su zama kalmomin da ya sani, goro, doya, wake, koko, kaya. Kada a ƙara sabon darasi sai ya riƙe na jiya, kamar yadda malamin allo ya ke yi. Wanda ya iya kuma a ba shi ƙarami ya biya masa.

Na biyu, kada a raina Hausar zango. Bakin 'ya'yanmu ba ya rarrabe baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko daka da ɗaka, sau da yawa kuma su kan ce mace ya zo. Haka harshe ya kan yi in ya yi zaman baƙunci cikin kabilu da yawa. Malam ya nuna musu haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ya ce ga yadda littafi ya ke rubutawa, ga dalili. In ya yi musu dariya, bakinsu zai mutu, ba kuwa za su ƙara tambaya ba.

Na uku, a gina gada daga Hausa zuwa sauran. Wanda ya iya karanta boko, kaɗan ya rage masa ya karanta Twi. A nuna masa sababbin wasula biyu, ɛ da ɔ, a gaya masa “ky” na Twi yana kusa da “c” namu, “gy” kusa da “j”, “hy” kusa da “sh”. Turanci kuwa a fara shi da baki tun ranar farko, gaisuwa da waƙa da umarni, tashi, zauna, buɗe ƙofa, yaro yana yi da jikinsa. Rubutun Turanci yana da ha'inci, harafi guda ya kan yi murya uku, don haka ya fi kyau yaro ya riga ya san mene ne karatu kafin ya gamu da shi. Twi harshen masu masaukinmu ne, Turanci harshen jarrabawa da ofis, kada mu yi wa 'ya'yanmu ƙwauron ko ɗaya.

Na huɗu, a horar da malami. Jin harshe dabam, iya koyar da shi dabam. Mutanen Basel sun gina makarantar malamai tun ba su gama fassara ba. Kowace shekara Ekklesiya ta keɓe mutum biyu ko uku, maza da mata, a koya musu ka'idodin rubutu da yadda a ke shirya darasi, a kuma ba su ɗan abin sabulu, gama ma'aikaci ya cancanci ladansa.

Na biyar, a nemi abin karantawa. Yaron da ya koyi karatu bai sami littafi ba, kamar wanda aka ba fartanya ne aka hana shi gona. A sayo littattafai daga Zariya da Kano da Jos ta hannun masu zuwa fatauci. Mu kuma mu rubuta namu. Tsofaffinmu suna da labarin yadda suka gangaro daga Bawku ko Bolgatanga, da na shekarar 1969, da tatsuniyoyin garuruwansu. Samari su zauna gabansu da takarda, yadda Schön ya zauna gaban Dorugu, a buga a rarraba. Yau wayar hannu ma tana ɗaukar murya, tana kuma ɗauke da Littafi Mai Tsarki na Hausa.

Na shida, iyaye su riƙe harshen kakanni a ɗaka. Hausa ta haɗa mu, amma kada ta cinye Kusal ko Gurene ko Buli. Tun 1962 masu fassara suka fara aiki a kan harsunan arewacin Gana, da yawansu kuma yanzu suna da Sabon Alkawari. Yaron da zai je gida hutu ya kāsa gaida kakarsa, an rage masa gado.

Na bakwai, mu haɗa kai da maƙwabta. Wahalar yaron zango a aji ɗaya ba ta tambayar addininsa. In iyaye Kirista da Musulmi suka tafi tare wurin shugaban makaranta da taron iyaye da malamai, suka roƙa a sa malami mai jin Hausa a azuzuwan ƙanana, maganarsu za ta fi nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya ku ƙaunatattu, kun san labarin ranar Fentikos cikin sura ta biyu ta Ayyukan Manzanni, yadda baƙi daga ƙasashe da yawa suka taru a Urushalima, kowa ya ji maganar Allah cikin harshen garinsu. Zangon Kumasi taron baƙi ne irin wannan. Waɗanda suka riga mu sun sha zazzaɓi da ɗauri da doguwar tafiya kafin harsunan nan su shiga littafi. Namu aikin ya fi nasu sauƙi, allo ne da alli da haƙuri, da sa'a guda kowace yamma. Wanda ya iya karatun Hausa cikinku, bari ya ba da sunansa ga dattawan Ekklesiya kafin bikin nan ya watse, a ba shi yara biyar. Ubangiji ya ba mu ƙarfi, ya sa albarka ga malamanmu da 'ya'yanmu. Amin.